Mun Je Gana Ɗauko Fasaha

Tun da na dawo ban huta ba. A ƙofar masallaci, a teburin mai shayi, har a shagona ina tsakiyar buga wa mutum takardar neman aiki sai wani ya leƙo ya ce, "Malam Sule, ya Gana? Ina fasahar da kuka je ɗaukowa?" Wasu da gaske suke tambaya, wasu kuwa tsiya ce kawai, ina ganin dariyar a gefen bakinsu. To bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji, a ƙyale ni haka nan.

Don wanda bai san ni ba, ina da shagon buga takardu da kwafi a nan Dutse, can wajen sakatariya. Ɗan farina sunan mahaifina gare shi, shi ya sa ake ce masa Abba. Ya karanci kwamfuta a jami'a, ya yi bautar ƙasa, ya dawo ya zauna a shagon yana goge wa mutane ƙuraje a hoton fasfo. Yaro ne mai kai, amma iyakar aikin da gari ya iya ba shi ke nan. Sai ya fara maganar tafiya, yau Legas gobe Abuja. Mahaifiyarsa ba ta taɓa kama sunansa ba, kun san kunyar ɗan fari, amma duk ranar da ya ambaci Legas tuwon gidanmu sai ya yi gudaji. Ni ma ba na so ya tafi, sai dai ban taɓa faɗa ba. Uba ya fito fili ya ce yana son ɗan farinsa kusa da shi? Ai sai a yi da kai a gari.

Ana cikin haka ƙungiyarmu ta ci gaban yanki ta taso da batun fasaha. Shugabanmu Alhaji Ɗanjuma ne, babban dillalin riɗi daga Taura, mutumin kirki, hannunsa a buɗe, har buɗewar ta yi yawa kamar yadda za ku ji. Ya ji a rediyo wai akwai garuruwan da matasa ke zama gaban kwamfuta arziki na shigo musu ta waya, kuma wai abin yaɗuwa yake daga gari zuwa gari. Alhaji ya ce in dai yaɗuwa yake, to a yi masa masauki kafin ya iso. Aka yi karo-karo aka gina cibiyar fasaha a bayan gari: katanga, ƙaton get, allo mai rubutun ruwan zinare, ofishin shugaba da banɗaki a ciki. Aka yanka sa aka buɗe. Wuta ce dai babu, sabis kuwa sai ka hau kan tankin ruwa. Muka zauna jiran fasaha ta iso. Shiru kake ji, malam ya ci shirwa.

Sai Alhaji ya ce zuwa da kai ya fi aike. Manomi in ya ga gonar wani ta yi kyau iri yake roƙa, don haka mu je inda abin ya yi yabanya mu roƙo iri. Abba ya tuntuɓi wani kamfani a Akara, babban birnin Gana, suka ce muna iya zuwa mu gani. Na fi kowa ɗoki, domin lissafina shi ne in kamfanin ya buɗe reshe a Dutse, maganar Legas ta mutu murus. Mu huɗu aka zaɓa: Alhaji, ni sakatare, Malam Hudu mai makarantar allo a Garki don ya riƙe mu da addu'a, sai Abba mai ɗaukar jaka kuma tafinta. Ranar da za mu fita mahaifiyarsa tana tsintar shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Yadda kuka fita ku biyu, ku dawo min ku biyu."

Ta mota muka tafi. Alhaji ya ce jirgi ba ya barin mutum ya ga duniya, amma kowa ya san tun dawowarsa daga aikin Hajji ya rantse ba shi ba jirgi. Muka ɗauki buhun riɗi da dabino da kilishi na gaisuwa, muka shiga ƙaramar bas zuwa Kano, daga can muka hau babbar motar Legas. Kafin mu wuce Zariya wani mai tallan magani ya miƙe a tsakiyar mota da kwalba ɗaya wadda ke warkar da basir, da ciwon baya, da mantuwa. Malam Hudu ya saya, ya kuma mance da kwalbar a motar.

A wannan motar Alhaji ya fara nuna hali. Wani Bayarabe ɗan kasuwa da ke kusa da shi ya ce hularsa ta yi kyau. Kafin ya rufe baki Alhaji ya tuɓe ta ya ɗora masa a ka. Kun san abin a wajenmu: babban mutum ba a yaba kayansa ya bar mai yabon ya tafi hannu wofi. Muka ce madalla, Allah ya ƙara arziki. Ba mu san kayan Alhaji za su ƙare ya dawo kan namu ba.

Legas ba zan ɓata muku lokaci da ita ba, gari ne da kowa ke gudu kamar ya bar tukunya a wuta. Muka sami ƙaramar mota mai bin gaɓar teku, muka nufi kan iyaka. A iyakar farko ma'aikacin da ke duba takardu ya yi wa Malam Hudu tambaya da Faransanci. Malam ya dube shi ya ce tunda wannan ba Turanci ba ne, bari ya gwada masa Larabci. Ya kawo fatiha ta gaisuwa mai tsawo, ma'aikacin ya ƙara ɗaga murya, Malam ma ya ƙara. Abba ya sa baki da Turanci, babu wanda ya saurare shi. Wata mai tallan burodi ce, 'yar Damagaram, ta sauke farantinta ta raba gardamar. Ashe katin rigakafi ake tambaya, shi kuwa yana can ƙasan jaka, Malam ya naɗe shi cikin rawani don kada ya ɓata. Muna kwance kaya matar ta ga dardumar Malam ta ce kai, wannan darduma da laushi take. Alhaji ya zare ta ya miƙa mata. Malam Hudu ya bi dardumarsa da kallo, ya ce Allah ya sa a mizani, amma daga jin muryar ka san bai fayyace mizanin wa ba.

Muka ratsa Kwatano, garin da babura suka fi mutane yawa, ana sayar da fetur a kwalabe kamar manja. Muka wuce Lome. Can direban da ya ɗauke mu zuwa iyakar Gana, wani mai fara'a, ya dubi ƙafata ya ce a ina ake ɗinka irin wannan takalmi? Takalmin fata ne sabo dal, don tafiyar na sa aka yi min. Na yi kamar ban ji ba, na juya ina kallon teku. Alhaji ya taɓa ni.

"Malam Sule, ba ka ji an yaba ba?"

"Na ji, ranka ya daɗe. Na gode masa."

"Haba Malam Sule! A ƙasar mutane muke. Kada a ce mutanen Jigawa rowa gare su."

Da silifas na wanka na shiga ƙasar Gana, ni sakataren tawaga.

A zango muka sauka, unguwar Hausawa, gidan wani tsohon abokin cinikin Alhaji da ake ce wa Baba Isyaka. Mutanen kirki ne, sun karɓe mu hannu biyu. Ɗaki ɗaya aka ba mu, kuma zafin garin ba irin namu ba ne, jiƙa ka yake kamar an rufe ka da jiƙaƙƙen bargo. Da safe aka kawo koko, wai ma da sunanmu Hausawa ake tallansa a garin, amma barkonon da ke ciki ya isa miyar gida guda. Shinkafa da wake kuwa ba a barinta ita kaɗai, sai an tara mata taliya da garin rogo da ƙwai da kifi da wani baƙin yaji, duk a cikin ganye. Ni dai na ci na ƙara. Akwai wani tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawon masara, Malam Hudu ya sansana ya ce wannan tuwo ya kwana uku, a ji tsoron Allah. Daga ranar ya koma kan dabinon da muka kawo na gaisuwa, har sai da Abba ya ɓoye ragowar.

A hanyar zuwa kamfanin muka ga manyan hotunan mutane a kowace kwana, sun sha ado suna murmushi. Alhaji ya ce ashe su ma zaɓe ya gabato, wannan dattijuwar wace jam'iyya take? Baba Isyaka ya ce ai rasuwa ta yi, sanarwar jana'iza ce, kuma ranar har kiɗa za a yi. Malam Hudu ya ciro carbi ya kama istigfari har muka isa.

Na zaci zan ga bene mai gilashi da get irin namu. Wani tsohon sito ne aka yi wa fenti, a wani layi da ko kwalta bai gama samu ba. A ƙofa muka tarar da wani ƙato cikin kaki mai guga, takalmi na ƙyalli. Alhaji ya kama hannunsa da hannu biyu, ya fara jawabin da muka kwana biyu muna tsarawa, har ya kai inda ake ambaton zumuncin ƙasashen biyu, sannan Abba ya raɗa masa cewa maigadi ne. Shugabar kamfanin tana ciki, wata mata ce da ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba, Madam Efuwa, da riga mai gajeren hannu, zaune a dogon tebur ɗaya da yaranta. Ba ofis, ba labule, ba ɗan aike a bakin ƙofa. Yaran da sunanta suke kiranta gatsal, ko kara babu. Wasu da gajeren wando, wani ma ƙwallon tebur yake bugawa da tsakar ranar aiki. Alhaji ya ce da ni a hankali, "Anya wajen nan ana biyan albashi?"

Aka nuna mana wurin zama, wasu manyan buhuna masu launi cike da wani abu kamar ƙaiƙayi. Malam Hudu ya yi bisimilla ya zauna, buhun ya haɗiye shi, ƙafafu a sama, babbar riga ta rufe masa fuska. Sai da samari biyu suka ciro shi. Aka kawo wani baƙin shayi mai ɗaci kamar maɗaci, muka sha don kara.

Alhaji ya shiga magana, Abba na fassara. Ya ce mun zo roƙon iri, a gaya mana yadda aka yi abin ya tsiro a nan. Madam ta yi dariya ta ce ba wanda ya gina wa fasaha gida a layin. Wasu samari ne suka kama hayar sito saboda nan wuta ba ta cika ɗaukewa ba, kuma babbar wayar intanet ta bi ta ƙofar. Suka koya wa wasu. Waɗanda suka koya, wani ya yi fushi wani ya yi buri, suka fita suka buɗe nasu a ƙofa ta gaba. Ita kanta a kamfanin tsallaken titi ta koyi aiki. Masu zuba jari kuma ba sa son yawo, inda suka ga an taru nan suke zuwa. Da rana duk a rumfar wata mai abinci ake haɗuwa, kowa na satar dabarar wani da cokali a hannu.

"Tsaya," in ji Alhaji. "Yaranki su koyi aiki a wajenki, su buɗe shago a jikin naki, ki zuba musu ido?"

Ta ce har bikin buɗewa take zuwa.

"Lallai! Ni da yarona ya yi min haka a Taura sai da muka je gaban sarkin kasuwa."

Daga nan ya kawo abin da ya kawo mu. Ya ce muna da fili, muna da gini, muna da get, su zo su buɗe reshe a Dutse. Na kasa kunne, domin wannan ce maganar da na baro gida dominta. Madam ta ce reshe ba gini yake bi ba, mutane yake bi. Sun buɗe ɗaya a Kumasi ne saboda wasu ma'aikatansu 'yan can sun ƙware, suka haɗa kai suka koma gida tare. Ta tambayi wuta, Alhaji ya ce tana hanya. Ta tambayi intanet, ya ce shi ma yana hanya. Ta ce to mutane fa, akwai waɗanda suka iya aikin?

Nan fa aka taɓo wa dillali inda yake masa ƙaiƙayi. Alhaji ya gyara zama ya shiga tallan matasan Jigawa kamar yana tallan riɗi a gaban Bature: ga haƙuri, ga ladabi, ga ƙwaƙwalwa, ba sa shaye-shaye, ba sa ƙorafi, kuma abu kaɗan ya ishe su. Ya ce ga samfur ma mun zo da shi. Ya sa Abba ya fito da wayarsa ya nuna wata manhaja da ya haɗa a shagona, tsakanin ɗaukewar wuta da kawowarta. Manomin da bai iya karatu ba zai danna, ta gaya masa da Hausa yadda ake sayar da gero ko riɗi a kasuwar Taura da ta Garki, don kada dillali ya cuce shi. Alhaji bai taɓa sanin abin da take yi ke nan ba, na ga ya ɗan yi tari.

Madam ta karɓi wayar, ta kira yaranta, suka yi cincirindo. Suka riƙa jefa wa Abba tambayoyi yana amsawa, har da gardama. Wallahi ban taɓa jin yaron nan ya yi magana mai tsawo haka ba. A shago sai ya yini bai ce uffan ba. Can Madam ta ɗago ta ce sun daɗe suna neman mai irin wannan hannu, wanda kuma ya san harshen Hausa da kasuwannin Arewa. Ta ce wannan yaro zinare ne.

Ina jin kalmar yabon na san an gama da ni. Na dubi Alhaji, na ga fuskarsa ta yi irin hasken da ta yi a kan hula da darduma da takalmina.

"Gaya mata mun ba ta kai," ya ce da Abba. "Kyauta, daga mutanen Jigawa."

Abba ya sunkuyar da kai, ya kasa fassarawa. Alhaji ya faɗa da kansa da guntun Turancinsa na kasuwa, har da nuni da hannu. Madam ta yi dariya ta ce ba a kyauta da mutum, amma in da gaske ne akwai gurbi, ya fara ko gobe. Sai ta juyo gare ni ta ce ai ga mahaifinsa, shi me ya ce?

Kowa ya zuba min ido. Ina jin Turanci sarai, ba na bukatar tafinta. Kalma ɗaya ce za ta fisshe ni, in ce a'a, akwai uzuri a gida. Amma a gaban Alhaji, a gaban Malam Hudu, in nuna ina ƙulafucin ɗan fari? Bakina da kansa ya faɗi abin da aka koya masa tun ina yaro. Na ce, "Ai ɗan Alhaji ne. Abin da ya yanke shi ke nan." Malam Hudu ya ɗaga hannu ya shafa fatiha, yaran kamfani suka yi tafi. Da za mu fito Alhaji ya yaba buhun zaman nan, suka ba shi ɗaya tukwici.

Washegari da hantsi Abba ya raka mu tasha. Alhaji na can yana faɗa da kwandasta a kan inda za a sa buhun zaman, yaron ya matso kusa da ni ya durƙusa.

"Baba, maganar jiya ta mutane ce. In ka ce in bi ku, yanzu zan shiga motar nan."

Babu mai jin mu, ba sauran kunyar da zan fake da ita. Na so in ce taso mu tafi, Allah ya sani na so. Amma na tuna yadda muryarsa ta fito jiya a cikin sa'o'insa, na kuma tuna abin da zan mayar da shi ya tarar: hoton fasfo, da janareta, da get. Na ce, "Zauna. Ka riƙe salla, ka riƙe amana. Allah ya yi maka albarka." Ya ce amin. Na shige mota da sauri na kama duba silifas ɗina kamar wani abu ya same su.

Buhun bai shiga but ba, don haka a kujerar Abba aka zaunar da shi, kusa da ni. A kowace iyaka sai an tambayi me ke ciki, an soka masa tsinke, an sansana. Alhaji yana ta bayani wai kayan fasaha ne. Haka muka yi ta fama har Kano.

Da la'asar na shiga gida. Mahaifiyarsa ta amsa sallama, ta karɓi jakata, idonta na kan zaure. Ta jira. Da ta ga ba mai shigowa sai ta dube ni. Na faɗa mata duka, ban rage ba. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Cewa ta yi, "Ka tafi kawo masa aiki gida, sai ka kai wa aiki shi." Ta shige ɗaki. Garin neman gira mun rasa ido.

A taron ƙungiya Alhaji ya ba da rahoto cewa tafiya ta yi nasara ƙwarai, yanzu Jigawa na da wakili a cikin fasahar duniya. Aka yi kabbara, aka kafa kwamitin sayen ƙarin buhuna. Da na ɗaga hannu na ce a fara da wuta, aka ce a bar shi sai zama na gaba.

Fasaha kuwa tana yaɗuwa, Madam ba ta yi ƙarya ba, mutum ke jan mutum. Ba a jima ba Abba ya bugo waya ya ce ana neman ƙarin masu jin Hausa, in yi wa abokansa biyu magana. Maƙwabcina, wanda ya fi kowa yi min dariya a teburin mai shayi, shi ya fara sallama a ƙofata bayan sallar la'asar, yana murza hula, wai ko za a sa baki a kan nasa yaron. Na sa baki. Abba ya ce in sun yi yawa sun ƙware wataƙila wata rana su haɗu su dawo su buɗe nasu a gida. Na ce Allah ya nuna mana. Ban ce masa ina ƙirga furfurata ba.

Ranar da ɗan maƙwabcin zai tashi, mahaifiyar Abba, wadda tun dawowata ba ta sake ta da zancen ba, ta fito da wani ƙulli ta ajiye a gabana. Kuka ce da kuɓewa busasshiya da daddawa da yajin da ta daka da hannunta. Ta tsaya tana gyara bakin ƙullin da ya riga ya ɗauru.

"A kai wa yaron nan," ta ce. Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya, ba ta waiwayo ba. "Ka ce a gaya wa Abba na yafe masa. Kai ne ban gama da kai ba."

Tun da ta haife shi, ranar na fara jin sunan a bakinta.